Ƙadangaren Cikin Jinka

Har yau in tsofaffin direbobin Lafiya suka haɗu a gindin mangwaro suna tuna da, sai wani ya kawo labarin ranar da aljani ya fito a rumfar mai sakwara da tsakar rana, tashar motocin Makurɗi ta watse. To ni ce 'yar mai sakwarar, kuma a hannuna aljanin ya fito, saboda haka bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta. Babu aljani, babu laya, babu wanda ya yi wa uwata asiri. Kuɗi ne. Na faɗa a ranar, da bakina, a gaban kowa, tun magana ba ta yi nisa ba. Ba a yarda ba ne kawai, don a wancan zamani yarinya ba ta da gaskiya sai in babba ya ara mata.

Tashar ma yanzu babu ita. An kwashe motocin an kai su bayan gari, inda rumfarmu take ya zama jerin shagunan masu waya da caja, kowane da lasifikarsa tana ihu. A da ƙarar wurin daban ce. Tun hantsi za ka ji 'yan kamasho suna kiran Makurɗi, Makurɗi, saura mutum ɗaya, alhali rabin na cikin motar 'yan zaman banza ne aka zaunar don a ga kamar ta cika. Ka ji gingimari na nishi da lodin doya, ka ji kukan jirgin ƙasa daga nesa, a ƙarƙashin duk wannan kuma akwai turmi. Turame uku ne a layinmu, kowanne da muryarsa, namu shi ne mai kaurin murya, na icen ƙirya, wanda Inna ta gada wurin uwarta. Direba tun daga kwanar shiga gari yake sanin ko an fara kirɓi a rumfarmu. Yanzu inji ke yi, ko a kwaɓa gari daga leda a kira shi sakwara, mutane su ci su yi shiru don ba su san abin da suka rasa ba. Kuɗi ma haka. Mu da hannu da hanci muka san kuɗi. Na mai kifi warinsa daban, na mai manja ja ne, wanda ya fito daga haɓar zanen tsohuwa kuwa sai an lallaɓa shi kamar jinjiri kafin ya miƙe. Yau jikata za ta sayi kaya ta biya ba ta taɓa komai ba sai gilashin waya, ta ce min, Kaka, ya shiga. Ina ya shiga, ban sani ba.

Inna ba ta sayen doya a wurin kowa sai wata mata 'yar Tiv daga wajen Obi, muna ce mata Mama Doya. Tun ina goye suke tare. A inuwar rumfarmu take kasa doyarta, a randarmu take shan ruwa. In Inna ta tashi salla ita ke tsare tukunya, in ita ta tafi coci ran Lahadi Inna ke lulluɓe mata kaya da ciyawa kada rana ta dafa su. Da Salla cinyar rago ta tafi Obi, da Kirsimeti shinkafa ta zo mana tare da zakara a raye, don ta ce mu yanka da hannunmu kada a yi magana. Kullum sai sun yi faɗa a kan farashi, kuma kullum da kalmomi iri ɗaya. Inna ta ɗaga doya ta soka mata farce ta ce wannan ai ruwa ce zalla, Mama Doya ta ce to ajiye, je ka saya dutse. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, kowa namiji ne a bakinta, Inna ma ƙawana take ce mata. Sannan duk shekara kafin ruwan farko, mutanen gidanta ne ke kawo ciyawa daga gona su gyara mana jinkar rumfa, ba ta taɓa yarda an ba su ko goro ba. Ku riƙe wannan, don ta nan ƙaya ta shiga.

Ni kuwa a lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, ina jin haushin kowa. Shekara biyar ina haddace sunayen koguna da duwatsun duniya, ga ni na dawo ina ɓare agushi ina kirɓa doya, direbobi suna ce min 'yar boko, ƙaro miya. Ba ni da haƙuri, kuma ban iya tauna magana kafin in fitar ba. Inna kan ce bakina ya riga haƙorana fitowa. Malama ɗaya ce ta iya da ni a makarantar, mai koya mana labarin ƙasa, mutuniyar wata ƙasa can gabas mai nisa, siririya, baƙa kamar mu amma da gashi har gadon baya, tana naɗa zane ɗaya tun daga ƙugu har kafaɗa. A zamanin irinsu suna da yawa a makarantu. Ban taɓa ganin mai cin barkono kamarta ba. Ita ta ce mana ƙasarsu tsibiri ce, duk inda ka nufa in ka yi ta tafiya sai ka ci karo da ruwa, ruwan kuma ba a hango ƙetarensa. Na ɗaga hannu na ce ban yarda ba, ko kogin Binuwai da girmansa ana hango ƙetare. Ba ta dake ni ba. Ranar da za ta koma gida ta kira ni ta miƙo min takardar kuɗin ƙasarsu guda ɗaya, sabuwa fil. Ta ce ba za ta saya min komai a nan ba, amma tun da ni ba na yarda sai na gani, ga abin gani.

Ban taɓa ganin kuɗi irinta ba. Babu kan mutum ko ɗaya a jiki. A gaba wani koren ƙadangare ne a kan reshe, da ɗan ƙaho a hanci, ya ɗaga kai kamar an nemi shawararsa. Kusa da shi tsuntsu mai jan baki, da malam-buɗe-littafi. A baya kuwa duwatsu ne girgije ya zauna musu a ka, itatuwan kwakwa sun sunkuya, ga kifi mai zane a jiki, sannan ruwan nan shuɗi da ya yi ta tafiya har takardar ta ƙare shi bai ƙare ba. Rubutu iri uku ne, na boko, da wasu biyu masu lanƙwasa kamar an zubar da dafaffiyar taliya. Na daɗe ina mamakin mutanen da suka zauna suka yi shawara, ga manyansu ga attajiransu, suka ce a'a, ƙadangare za mu sa. Sai na ji ina sonsu.

Matsalar ita ce wurin ajiya. A gidanmu ba a ɓoye komai. Akwatina ba makulli, akuyar gida ta riga ta cinye min rabin littafin taswira, gara ta ƙarasa ragowar. Sai na yi abin da na ga ya fi hankali. Na ninke takardar ƙanƙanuwa, na naɗe ta a leda, na ɗaure da jan zaren da na warware daga bakin rigar sanyina, na sa a ɗan gwangwanin man zafi, na cusa cikin jinkar rumfa daidai saman turmi, inda nake wuni. In ciniki ya lafa Inna ta kishingiɗa, sai in zaro in kalli ruwan. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda ƙulli mai jan zare a cikin jinka zai yi kama a idon wanda bai san zancen ba. Ga amfanin sakandare.

Shekarar ita ce wadda aka canja launin kuɗi. Wanda ya rayu a lokacin ya sani. Aka wayi gari kuɗin hannunka suna da ranar mutuwa, layin banki ya fito titi, sababbin kuma ba su iso hannun talaka ba. Direban da ke cin malmala uku da kan akuya ya koma cin ɗaya ba nama, wasu ma su zo su zauna su shaƙi ƙamshi su tashi. Duk layin haka yake, mai shayi, mai tsire, kowa korar ƙuda yake. Amma Inna ba layi take kallo ba, tukunyarta take kallo. Ta fara cewa ruwa ba ya tsami banza. Ta aika garin Adogi aka kira Gwaggo, yayar babanmu, matar da ba a taɓa kawo mata matsala ta ce daga Allah ne kawai ba, sai ta samo mutum a ciki.

Gwaggo ta zo ta zagaya rumfa tana shinshine iska. Ta sa aka ɗaga randa, aka tone gindin murhu, ba a sami komai ba sai kunama ɗaya da tsohon cokali. Sai ta ɗaga kai sama. Ta karɓi muciya ta fara zungurar jinka, ni ina can rijiya. Da na dawo da bokiti a ka na tarar rumfa ta cika da mutane fiye da yadda ta cika a wata guda. Gwangwanina na ƙasa an zagaye shi da toka. An buɗe shi da sanduna biyu don ba wanda ya yarda ya sa hannu. Takardata kuwa an shimfiɗa ta a kan murfin tukunya, an danne gefenta da dutse kada ta tashi.

Na sauke bokiti na ce, "Inna, nawa ne. Kuɗi ne, malamarmu ta ba ni. Ni na sa shi a nan."

Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Ta ce wa Inna, "Kin gani ko? Har ya kama bakin yarinyar."

Daga nan duk abin da na faɗa ya zama shaida a kaina. Na ce ga rubutun boko nan, an rubuta banki. Wani ɗan kamasho da ya taɓa yin firamare ya sunkuyo daga nesa ya ce lallai akwai banki, Gwaggo ta ce boka ma ya iya rubuta banki. Ta ce ita ta ga anini, ta ga kwabo mai huda, ta ga fam, ta ga naira, kowace takarda akwai ajami a jiki da mutum zai karanta ya san abin da yake riƙe da shi, kuma akwai abin mutunci, ko mutum, ko shanu, ko dalar gyaɗa. Wace ƙasa ce za ta rasa abin sawa a kuɗinta sai ƙadangare da ake jifa a jikin katanga? Sai ta shiga fassara, tana nuni da sanda. Ƙadangaren, don masu ciniki su zo su gyaɗa kai su wuce. Tsuntsun, don arziki ya tashi. Kifin, santsi ne, abin da ya shigo hannu ya suɓuce. Ruwan da ba ƙetare, so ake a kai Inna inda ba dawowa. Malam-buɗe-littafi ta ce ba ta gano aikinsa ba tukuna, amma ba alheri ne ya kawo shi ba. Mutane suna ta gyaɗa kai, su da ƙadangaren ba bambanci.

Da a nan ta tsaya da yau dariya kawai nake ba ku. Amma sai ta ƙara da cewa ƙadangaren bakin tulu ne, watau aikin na kusa ne, wanda ke shan ruwa randa ɗaya da kai. Ta ce a tambaya, wa ke hawa jinkar nan? Daidai lokacin Mama Doya ta dawo daga inda ake sauke mata kaya, da doya biyu manya a hannu da ta ware wa Inna tun daga mota. Ba wanda ya ambaci sunanta. Inna ma ba ta ce komai ba. Ta juya ne kawai ta dube ta, ɗan kallo gajere, ta sunkuyar da kai. Mama Doya ta dubi toka, ta dubi jinka, ta dubi Inna. Ta ajiye doyar a ƙasa a hankali.

Ta ce, "Ƙawana, ni na ga idonka."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ta fara kwashe doyarta daga inuwarmu, biyar biyar, tana tsallaka titi da su zuwa gindin wata dalbejiya a ɗaya gefen. Ba wanda ya taya ta, ba wanda ya hana ta.

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Gwaggo na cewa a ƙona takardar a kai tokar rafi, sai na tuna abin da malama ta nuna min, cewa kuɗin gaske in ka ɗaga shi a rana akwai hoton da ke ɓoye a cikin jikin takardar. Na ce yanzu zan rufe bakin kowa. Na tsallake tokar, na zare takardar daga ƙarƙashin dutse, na fito bakin rumfa na ɗaga ta sama saitin rana na ce kowa ya duba farin wurin nan da ba komai. Suka matso suka duba. A cikin farin wurin sai ga wata dabba ta bayyana a hankali, kamar zaki, baki buɗe, da takobi a hannu.

Ɗan kamashon nan ne ya fara ihu wai ya fito. Ban ga lokacin da rumfa ta zama wayam ba. Mai shayi ya tafi da butarsa ya bar murhu. Gwaggo, wadda shekara da shekaru ake ɗaga ta in za ta hau mota saboda ciwon gwiwa, ta tsallake benci ba ta taɓa shi ba. Masu zaman cika mota suka fita ta taga. Wani direba ya ba motarsa wuta da fasinja uku, kuma a iya sanina ranar ce kaɗai a tarihin tashar mota ta tashi ba ta cika ba. Namu kuɗin ma fa akwai irin wannan hoton a ciki, amma wa ya taɓa riƙe naira har ya sami lokacin ɗaga ta a rana, kuma ina haske zai ratsa manja? Inna ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta damƙi zanena ta baya tana ja tana addu'a, wai tana janye ni daga abin da ke hannuna.

Ana cikin haka Baba Rediyo ya iso da ɗingishinsa, don azahar ta yi, lokacin da yake zuwa Inna ta kankaro masa ragowar turmi. Tsohon soja ne da ya je yaƙin Boma. 'Yan tasha suka sa masa wannan suna don ba ya gajiya da labari kuma ba mai yarda: wai sun yi kwana da kwanaki a jirgin ruwa ba su ga ƙasa ba, wai akwai kifi mai tashi sama, wai ya ga giwa tana ɗaukar gungume kamar lebura. Ya tambaya ina mutane, na miƙa masa takardar. Ya karɓa da hannu, ya nisanta ta daga idonsa, ya bi rubutun nan mai lanƙwasa da ɗan yatsa. Can ya ce jirginsu ya tsaya a ƙasar nan, irin rubutun ne a ƙofar shagunansu, da kuɗinsu ya sayi ayaba ja. Ya juya bayan takardar ya daɗe yana kallon ruwan.

Ya ce, "Ga shi nan. Shekara nawa ina gaya muku."

Sai ya miƙo min, ya zauna ya ci sakwararsa da hannun da ya taɓa ta, Inna na tsaye tana jiran ya faɗi. Bai faɗi ba, ƙari ma ya nema. Duk da haka ba shi ne ya gama da Inna ba, don ba ta yarda da maganar Baba Rediyo ko a kan ranar kasuwa. Abin da ya gama da ita, ta sunkuya ta ɗauki jan zaren daga cikin toka ta murza a yatsa, ta dube ni. Watannin baya ta yi min faɗa a kan bakin rigar sanyin da ta saya min, na ce ɓera ne.

Ta ce, "Ashe ke ce ɓeran."

Na ce ni ce. Ta zauna a kan benci ta dubi ƙetaren titi.

Na ɗauka shi ke nan, za ta tashi ta je. Ina. Kwana uku suna zaune titi a tsakaninsu, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya. Inna ta sayi doya wurin wani mutum, sakwara ta fito da gudaji kamar an kirɓa da tsakuwa, 'yan direbobin da suka rage suka fara tambaya ko lafiya. Na ce mata ta je ta ba da haƙuri. Ta ce ita me ta ce? Kallo kawai ta yi, ido kuma ba shi da linzami. Na ce kallon ya fi zagi. Na kauce wa muciya da ƙyar. Na san ba girman kai ba ne kaɗai, kunya ce ta danne ta, irin wadda ke sa mutum ya gwammace ya rasa abu da ya buɗe baki. Amma ni ba ni da haƙurin jiran kunyar manya ta huce, kuma na san ta dalilina abin ya faru.

Rana ta huɗu da safe, Inna ta zagaya wanke tukunya, na kwantar da turminta na fara mirgina shi. Turmin ƙirya ba abin wasa ba ne. Na tura shi har kan kwalta, wata tankar mai ta taka birki, direban ya leƙo ya zagi kakannina ɗaya bayan ɗaya, ni ban ko ɗaga kai ba. Na kai shi gindin dalbejiya na tsayar a tsakiyar doyar Mama Doya, na koma na ɗauko taɓarya. Ta dube ni ta ce wannan yaro ya haukace ne? Na ce daga yau a nan zan riƙa kirɓi, wanda yake son turminsa ya zo ya ɗauka. Mai sakwara kuwa ba turmi, ba ta da sana'a.

Ba a jima ba sai ga Inna ta tsallako da muciya a hannu, mayafi na jan ƙasa, ni take nema. Ta zo ta tarar ba ni ce a gabanta ba, Mama Doya ce. Muciyar ta sauka da kanta. Suka tsaya. Can Inna ta sunkuya ta ɗauki doya ɗaya ta soka mata farce, ta ce da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, wannan ai ruwa ce zalla. Na tsaya ina jiran amsar da na ji tun ina goye. Ba ta zo ba. Nan ne na ji tsoro na gaske, don na ga abin zai iya ƙarewa a haka.

Mama Doya ta ce, "Ƙawana, lokacin da kai yana ciwo, wa ya goya wannan mahaukaci? Kai ya tafi salla, wa yana tsare tukunya? In ni zan kashe kasuwanka, zan hau sama? Gishiri yana kusa da hannuna."

Inna ta ce, "Na yi zato, zato kuwa zunubi ne. Ki yafe ni."

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinta ba, kafin ranar ko bayanta. Mama Doya ba ta ce ta yafe ba. Ta miƙo min hannu ta ce in kawo maganin ta gani. Na ciro gwangwanin daga cikin ɗankwalina, na zaro mata takardar. Ta juya gaba ta juya baya, ta tsura wa ƙadangaren ido, ta ce wannan ne, ko nama babu. Sai ta ninke, ta sa a gwangwanin, ta ƙulle a haɓar zanenta, ta ce tun da an ce nata ne, to nata ne. Na buɗe baki na ce ai kyauta aka yi min, su biyun suka juyo kaina a tare, ɗaya na cewa marar kunya, ɗaya na cewa ɓera. A nan na san an shirya. Inna ta sake ɗaga doyar ta ce har yanzu dai ruwa ce. Aka ce mata to ajiye, je ka saya dutse. Turmin kuwa ni kaɗai na mirgina shi na mayar.

Doya ta dawo inuwarmu, ruwan randa ya koma na mutum biyu. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya koma yadda yake ba. Mutanen Obi ba su ƙara hawa jinkarmu ba. Ba a taɓa faɗin dalili ba, ba a taɓa tambaya ba. Shekara ta zagayo Inna ta sa rufin kwano, muka riƙa dahuwa a ƙarƙashinsa tare da doyar. Da sababbin kuɗi suka wadata ciniki ya dawo, Gwaggo kuma har ta koma ga Allah tana cewa ita ta karya abin. Baba Rediyo sunansa bai canja ba, sai dai in ya kawo zancen kifi mai tashi, akan sami wanda zai ce, to, tun da akwai ƙasa mai ƙadangare a kuɗi, wa ya sani.

Inna ta daɗe da rasuwa. Mama Doya ta bi ta daminar da ta wuce. Makon jiya sai ga 'yarta daga Obi ta shigo shagona, inda har yanzu da turmin nan ake kirɓi, duk da ba ni ke ɗaga taɓarya ba. Ta ajiye min ɗan gwangwani da ya yi tsatsa, ta ce uwarta ta bar wasiyya a kai wa wancan mahaukacin yaro kayansa. Takardar tana warin hayaƙi da ƙasar gona, ƙadangaren ya koɗe amma har yanzu kansa a ɗage. Jikata ta ɗauki hotonta da waya, ta ce wayar ta ce ko a ƙasarsu an daina karɓarta, ta kuma nuna min ruwan yana motsi a gilashi. Na duba sosai. Malama ta yi gaskiya, ba ƙetare.

Jikar tawa ta ce in mayar gwangwani in sa a ƙasan akwati kada ta lalace. Na ce a'a, na taɓa ɓoye ta sau ɗaya na ga abin da ya biyo baya. Gobe zan kai ta wurin mai gilashi ya sa min ita tsakanin gilashi biyu, gaba da baya. A tagar shago ta yamma zan rataye ta, daidai saman turmi, yadda in la'asar ta yi rana za ta ratsa, zakin ya fito da takobinsa. Wanda zai gudu ya gudu, amma ya biya kuɗin sakwara tukuna.